Cokali da Ɗigo

Shekara talatin da ɗaya a bakin titin Aboabo,
ni Lariba, tukunya a gaba, ludayi a dama,
ina auna wa Kumasi sukari.
Direban trotro cokali biyu.
Ɗan dakon Kejetia uku, yana cewa ƙara, Mma, ƙara.
Issaka tela ko ƙwaya ba ya so,
sai citta da kanumfari su shaƙe shi.
Hannuna ne ma'auni,
bai taɓa ɓata ba ko an ɗauke wuta.

Yanzu ni ake aunawa.

Fuseina, 'yar ɗana, takan zo bayan asuba,
kafin in sa komai a baki,
da wata aba kamar gidan ashana
da ɗan falle siriri, bai kai tsinken tsire ba.
Ta goge min yatsa. Tsut.
Jini ya leƙo, ƙwayar gero guda,
fallen ya zuƙe.

Na ce me ke ciki, aljani?
Ta yi dariya, ita mai farar rigar jami'a.
Kaka, kin san gasara:
ki jiƙa, ki kwana,
wani abu da ba kya gani ya cinye zaƙin ya bar miki tsami.
To a bakin fallen nan an shafa wani maci,
busasshe, yana barci,
jininki ke tashinsa.
Ba ruwansa da gishiri, ba ruwansa da mai,
sukari kaɗai ya sani.
Kowace loma ya yi sai ya saki lantarki
wanda ko tururuwa ba zai razana ba,
ya bi layuka sirara kamar zanen kwalli,
na'ura ta ƙirga.
In ya ci da yawa, wutar ta yi yawa.

Biyar, huɗu, uku,
muka zuba ido kamar masu jiran hukunci.

Sha huɗu da ɗigo biyu.

Ban yi boko ba, amma na iya karanta fuska.
Na ce ƙarya yake, ƙosai biyu na ci jiya.
Ta ce da pinkaso fa?
Na kalli bango.

Abin nan bai san ciniki ba.
Ba ya gyara, ba ya ba da bashi,
ba ya kunyar furfura.
Kuma tsada, kowane falle kuɗin kofi nawa ne,
a yi sau ɗaya a yar.
Na wanke wani na shanya a kan kwano,
ta ce Kaka, macin ya mutu,
sau ɗaya yake ci a duniya.

Ranar da ta makara na ce bari in gwada shi shi ma.
Na ɗiga masa kokona, mai zafi, na asali.
Ya yi ƙifi-ƙifi, ya fito da wasu baƙaƙe, ya mutu.
Ashe akwai abin da ya fi ƙarfinsa.
Ban gaya mata ba.
Ta ƙirga fallayen ta kalle ni.

Wata huɗu ke nan.
Ina shan nawa irin na Issaka,
ina taka ƙafa har Asawase in dawo.
Yatsuna goma duk sun san allura,
na tsakiya ya fi haƙuri.
Yau bakwai da ɗigo takwas.
Fuseina ta rubuta a littafin da nake rubuta masu bashi,
a can baya, inda shafi ya rage.

Ɗazu ɗan dako ya miƙo kofi.
Ƙara, Mma.
Na ɗebo na ukun,
idona ya faɗa kan yatsunsa,
kauri, tsagaggu, ba wanda ya taɓa tambayarsu komai.
Cokalin ya tsaya a sama.
Layi ya yi tsawo, wani yana hon,
ya ce Mma, lafiya?
Na zuba rabi.